Yatsun Kawu Abdulrauf

Nguru, farkon watan Mayu

Zuwa ga 'yata Shuhada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu yana tafiya yadda ake so. Ki gaishe min da ummanki, ƙanwata Haula, ki ce mata barkonon da ta aiko ya iso, har matata Safiyatu ta ɗiba wa maƙwabta. Ki gaida babanki.

Na san za ki yi dariya ganin takarda a hannun Madu direba a wannan zamani, ga haruffa manya-manya kamar na 'yan firamare. Waya ce ta fara gagarata, rubutunta ya yi min ƙanƙanta. Maganar kuma ba ta faɗa da baki ba ce a gidan hayar da kowa ke jin tarin kowa. Idona ne ya ɗan gaji, ba wani abu ba. Ke ma ki amsa min da irin waɗannan haruffa.

Kin san tun ba a haife ki ba nake buga takardu a makarantar nan: jarrabawa, sakamako, wasiƙun iyaye. A hutun da ya wuce mai makarantar ya kwashe tsofaffin kwamfutocinmu ya kawo sababbi, da sabon Windows a ciki. Shuhada, ji na yi kamar na kwanta a ɗakina na farka na tarar ƙofa ta koma inda taga take. A tsohon, yatsuna sun san hanya ko ban duba ba. A wannan kuwa, ina cikin aiki sai wani akwati ya faɗo tsakiyar allo yana tambayata abin da ban gani ba, ni kuma ina ta bugu. Haka na fitar da tambayoyin 'yan aji shida da sunan 'yan aji ɗaya, aka raba wa yara, suka zauna suna kuka. Mai makarantar ya tsaya gaban malamai ya ce, "Malam Abdulrauf, tsufa ne ko raini?" Na tattara takardun na koma na sake bugawa.

Akwai wata murya a cikin sabon da ke karanta wa mutum abin da ke allo. Na kunna ta. Turancinta ta hanci yake fita, in kuwa ta iso Hausa sai ta koma kamar mai ciwon haƙori. "Ƙasa" da "kasa" duk ɗaya ne a wurinta.

Haula ta ce min kin ƙera kwamfutar da ke magana da Hausa, wai ita ce aikinki na gama jami'a. In gaskiya ne, don Allah ki taimaki kawunki. Jarrabawar ƙarshen shekara tana nan tafe a Yuli, kuma an nuna min cewa ba a jiran kuskurena na biyu.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Abdulrauf

Gashua, ranar Asabar

Kawuna na kaina,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa, kowa yana amsawa. Umma ta ce in gaya maka kai ne likitan kowa amma ba ka zuwa asibiti, don haka ka je a duba idon nan. Ka ga haruffan sun isa, ko in ƙara? Saura kaɗan kalma ɗaya ta cinye shafi!

Umma ta ƙara gishiri. Ban ƙera kwamfuta ba. Abin da na yi shi ne manhajar da ke tuƙa kwamfutar, wato wadda ke zama a gurbin Windows. Tana cikin filashin da na liƙe a ambulan. Ka sa a jikin kwamfutar kafin ka kunna, na rubuta sauran bayanin a bayan takarda. Ba za ta taɓa komai na makaranta ba, in ka zare shi komai ya koma yadda yake.

Abin da ya same ka shi ne abin da nake ta faɗa wa mutane. Windows gidan haya ne. Kana zaune lafiya mai gida zai shigo ya canza maka wurin gado bai tambaye ka ba. Mac kuwa, irin wadda malamanmu masu hali ke riƙewa, kyau kam sai dai a yi shiru, amma ko ƙusa ba a yarda ka kafa a bangonta ba. Ni a kan Linux na yi gini. Shi kamar fili ne da tubali, masu shi suka ce kowa ya ɗiba ya gina abin da yake so, sai dai ya faɗi inda ya ɗebo.

Na sa mata suna Gidanmu. Babu tagogi, babu linzami, babu maɓallin farawa. Kana kunnawa kana zaure, inda saƙonni ke jiranka. Ka danna kibiya ka shiga ɗaki, nan ake aiki. Abin da ka gama sai ka kai rumbu. Maɓallan ma da Hausa na tsara su: Kontirol da A ka adana, da B ka buga a takarda, da S ka share. Muryar kuma tawa ce, Kawu. Na kusan shekara ina shiga ƙarƙashin bargo da makirfo ina karanta jimloli saboda kada kukan janareto ya shiga, har ƙawayena suka ce aljanu nake kira.

Malamin da ke duba aikina, Dakta Kalli, ya faɗa mana tun ranar farko: "Duk wanda ya kawo min Windows da aka shafa wa koren fenti ya ce nasa ne, ya kama hanyar gidansu." Da ya ga nawa sai ya ce in na ƙarasa shi da kyau zai sa sunana a cikin waɗanda sashe zai riƙe su yi koyarwa. Ban gaya wa Umma ba tukuna.

Kai ne ka fara ɗora yatsuna a kan kibod ina 'yar aji uku. Kai za ka fara aiki da Gidanmu. Ka gaida Anti Safiyatu sosai.

'Yarka,
Shuhada

Nguru, tsakiyar Mayu

'Yata Shuhada,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Filashi ya iso, na gode, Allah ya saka.

Da na kunna na ji muryarki ta ce, "Sannu da zuwa, kana zaure," sai da na waiga. Ta karanta min Hausa yadda ake faɗarta, ƙa a wurin ƙa, ɗa a wurin ɗa. Ban taɓa zaton zan ji haka daga bakin inji ba. Wannan kam kin yi abu.

Amma Shuhada, na shiga uku. Ranar Talata na zauna na buga jarrabawar gwaji ta Hausa gaba ɗayanta, kina karanta min ina gyarawa, raina fari tas. Da na gama, yatsuna suka tafi Kontirol da S, yadda suka saba adanawa shekara da shekaru. Na ji kin ce, "In share?" Kafin kunnena ya kai wa kaina labari, babban yatsa ya riga ya amsa. Komai ya tafi. Na zauna ina kallon allo. Malamar Hausa ta zo karɓa, na ce mata wuta ce ta ɗauke. Ƙarya na yi mata, da furfurata.

Na sake gwadawa washegari, da wanda ya biyo. In na tsaya ina tunanin maɓalli, aikin ba ya tafiya. In na saki hannu, sai ya koma tsohuwar hanya ya yi ɓarna. Ban san yadda ake raba mutum da yatsunsa ba.

Ga roƙona. Ki bar muryar, ki mayar da sauran su zama kamar tsohon Windows. Maɓallin farawa a kusurwar hagu, kowane maɓalli a kan aikinsa na da. Ban ga abin kunya a nan ba. Motar Madu ta Jamus ce, ta maƙwabcinsa ta Japan, amma birki a wuri ɗaya yake, kuma ba wanda ya kira wani ɓarawo. Ke kanki kin ce a kan Linux kika yi gini, wanda ba ke kika yi shi ba. To in an yarda a ari ƙasan, me ya hana a ari saman?

Ki yi haƙuri da ni. Ba raina aikinki nake ba. Lokaci ne ba ni da shi.

Kawunki,
Abdulrauf

Gashua, ranar Laraba

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na yi baƙin cikin jarrabawar da ta share. Laifina ne da ban sa ta tambaya sau biyu ba, kuma na gyara wannan. Amma abin da ka nema ba zan iya ba, kuma ina so ka ji dalili.

Birki yana wuri ɗaya saboda ƙafar kowa iri ɗaya ce. S ɗin nan kuwa ba daga hannu ya fito ba, daga kalmar Turanci "save" ya fito. Yaron da ya taso a ƙauyen Kumagannam bai taɓa jin kalmar ba, me ya haɗa adanawa da S a wurinsa? Mu ne aka tanƙwara muka saba, har muke ganin haka Allah ya halicci kwamfuta. Kuma ka tuna, mutanen da kake so in kwaikwaya ba su taɓa damuwa ko kana jin muryarsu ba. Da ni ma bin sawunsu na yi, da babu muryar da ka yaba.

Maganar Linux kuma daban ce. Su suka ba da da hannunsu, ni kuma na rubuta sunansu a shafin farko. Karɓar kyauta daban, sa fuskar wani ka ce taka ce daban.

Akwai wani ɗan ajinmu, Nasrullahi. Aikinsa yana tafiya sumul, bai taɓa tsayawa ba. Amma ya jera gumaka a ƙasan allo sak irin na Mac. Dakta Kalli ya duba sau ɗaya ya ce, "Wannan na taɓa ganinsa a kanti." Yanzu Nasrullahi sai baɗi. Ni ma ranar kare aikina a farkon Yuli take, kuma rumbun bai ma gama tsayuwa ba. In na juya yanzu, me zan nuna musu?

Kawu, ka yarda da ni, sabo ne kawai. Kai da ka koyi tafireta, ka bar ta ka koyi kwamfuta mutane suna maka dariya, ɗakuna uku ne za su gagare ka? Ni gani nake tsoron sabon abu ne ya kama ka, kuma bai dace da kai ba. Ka ba shi 'yan makonni. Ka je kuma a ba ka tabarau, wataƙila duk wannan magana ta ƙare.

Kada ka yi fushi da ni.

'Yarka,
Shuhada

Nguru

Shuhada,

Wushe, sannu da karatu. Ni ce Safiyatu matar kawunki. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban iya dogon zance a takarda ba. Na ba Madu a ɓoye. Kada Malam ya sani.

Ni nake karanta masa wasiƙunki. Ko manyan haruffan ba ya gani yanzu. Da na zo inda kika ce tsoro ne, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Ta yi gaskiya." Bai ci abinci ba ranar.

Maganar tabarau ta wuce. Mun je Kano tun kafin azumi, muka ce wa mutane biki za mu. Muna fatan yanar ido ce da za a cire. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci a ɓoye. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama kamar mai leƙe ta ramin kara, kuma ramin kullum ƙara tsukewa yake. Ya ce maganin ɗigawa yana rage gudu ne kawai, abin da ya tafi ba ya dawowa. Malam ya sa na rantse ba zan gaya wa Haula ba.

Kullum da safe nakan ɗauki kwando kamar mai zuwa kasuwa, shi kuma yana riƙe da bakin mayafina ta baya. In mun kusa ƙofar makaranta sai ya saki ya miƙe ƙirji ya shiga shi kaɗai.

Kada ki ce bai yi ƙoƙari ba. Ya aro tsohon kibod ya kawo gida, ba a haɗe da komai ba. Ina riƙe da takardarki ina faɗa, yana dannawa. A adana, B buga. Sai ya yi daidai, ya yi daidai, da na sa masa hira sai hannun ya koma. Rannan ya dinga dukan hannunsa na dama da na hagu har na riƙe shi.

Ranar Alhamis bai dawo ba har bayan la'asar. Na fita nema. Na same shi zaune a kan ƙarfen dogo wajen tsohuwar tasha, rana tana dukansa. Ya ce hanya ce ta ɓace masa, kuma ya ji kunyar tambaya a garin da aka haife shi. Na ce tashi mu tafi. Ya ce, "Safiyatu, in aikin nan ya tafi, ni wane ne?" Ya ce da jirgi yana zuwa kamar da, da bai tashi daga wurin ba. Na ce ya yi istigfari. Ya yi. Amma na ji abin da na ji.

Ban san komai a kan kwamfuta ba. Ban san abin da za ki rasa ba. Na dai gaya miki abin da ke nan.

Antinki,
Safiyatu

Gashua, ƙarshen Mayu

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti.

Na sake karanta wasiƙarka, na ga na yi gaggawar amsawa, kuma na faɗi kalmar da bai kamata in faɗa maka ba. Ka yafe min.

Na yi tunani a kan maganar birki, na kuma koma na bincika. Ashe tagogin nan da linzami, ba masu Windows suka fara su ba, ba kuma masu Mac ba. Tun kafin su wani kamfani ya yi, kuma ka san sana'arsa? Ƙera injin kwafin takardu! Na yi dariya ni kaɗai a laburare har aka harare ni. Kowa a wurin wani ya gani. To ni wace ce da zan ce sai abin da ba a taɓa gani ba?

Zan mayar maka da shi yadda ka nema. Aikin ba ƙarami ba ne, domin muryar a ɗaure take da ɗakunan, sai na kwance ta jimla-jimla na sake ɗaura ta a kan tagogi. Lokacin da ya rage ba zai ɗauki gini biyu ba, don haka wannan ɗin zan kai gaban malamai. Na gaya wa Dakta Kalli. Ya cire tabarau ya ce, "Kin san abin da zan ce ranar." Na ce na sani. Kada ka damu, faɗa ne kawai irin nasa.

Abin da nake buƙata daga gare ka: duk wata hanya da yatsunka suka sani. Daga kunnawa zuwa buɗe takarda me kake dannawa, bi da bi. Yadda kake adanawa, yadda kake bugawa, yadda kake fitar da ƙa da ɗa da ɓa. Kada ka bar ko ɗaya, ko da kana ganin ƙarami ne. Ka ba Madu gobe in zai yiwu.

'Yarka,
Shuhada

Nguru, farkon Yuni

Shuhada,

Wa alaikumus salam. Safiyatu ce ke rubutawa, ni nake faɗa, tunda yanzu babu sauran abin ɓoyewa. Na san ki tun kina rarrafe. Ba kya sauka daga magana saboda kin shiga laburare. Na tsare ta ta faɗa min abin da ta yi. Na yi fushi, na huce, ba ita ce matsalar ba.

Ki saurare ni da kyau. Ban yarda ba. Kada ki taɓa Gidanmu. In kin fara kwancewa ki mayar.

Ke ce mai gaskiya tun farko, ni ne na matsa miki saboda ruwa ya kai min wuya. Kin san mene ne aikina? Maganar wasu nake bugawa. Malami ya rubuta, in kwafe. Mai makaranta ya faɗa, in kwafe. Na tsufa a kan haka, kuma na iya, ban taɓa jin kunyarsa ba. Amma ban taɓa rubuta layi ɗaya nawa ba sai wasiƙun nan da nake aiko miki. A zuriyarmu kaf, daga masu awon hatsi sai masu awon barkono, ke ce kika zauna kika yi abin da babu shi a da. Na ji shi da kunnena. Sai ki rushe shi saboda tsohon da ko an gyara masa maɓalli idonsa ba zai dawo ba?

Ni tawa ta kusa ƙarewa a makarantar nan ko da Windows ko babu. Ke taki ba ta fara ba. In kika rasa gurbin nan saboda ni, da wane ido zan kalli Haula? Kin ji ni, har na manta na ce ido.

Ba zan aiko miki da komai ba. Umarni ne, ba shawara ba. In ina da wata daraja a wurinki, ki bi.

Kawunki,
Abdulrauf

Shuhada, ni ce. Ya ce in rufe ambulan. Shekaranjiya na ce masa ina son in koyi bugu ko zan riƙa taimaka masa, ya yi murna ya nuna min komai a kan kibod ɗin nan, yana yi ina rubutawa. Ga shi nan a takarda ta biyu. Allah ya yafe min. Ke ma ki yi abin da za ki iya ɗauka.

Gashua, farkon Yuli

Kawuna,

Assalamu alaikum. Na san shiruna ya yi yawa. Ban amsa ba ne saboda ba ni da amsar da za ka so. Ban bi umarninka ba. Wannan ne karo na farko, kuma ina roƙon ka yafe.

Ga filashi. Maɓallin farawa yana kusurwar hagu. S yana adanawa. Duk hanyar da ke takardar Anti na bi ta da idona a rufe, na ɗaure fuska da ɗankwali, har sai da na daina tuntuɓe. Babu akwatin da zai faɗo maka ba tare da na faɗa maka da baki ba, kuma ba zai karɓi amsa ba sai na gama magana.

Jiya na kare aikin a gaban malamai. Da allo ya haska, wani daga cikin malaman ya yi dariya ya ce, "A'a, tsohon abokinmu ne ya dawo." Dakta Kalli bai yi dariya ba. Ya ce, "Shuhada, nuna mana abin da yake naki a nan." Na ce muryar. Ya ce, "Sauran fa?" Na ce na wasu ne, kuma na rubuta haka a shafin farko. Ya tambaye ni dalili. Na ce akwai mutumin da hannunsa ya riga ya haddace wannan, kuma ba shi da lokacin haddace wani. Wata malama ta ce ai wannan ma tunani ne, a duba shi. Dakta ya ce, "Na yarda taimako ne. Amma kowace shekara da dalili mai kyau ake kawo min kwafi, shi ya sa har yau ba mu da namu." Suka yi ta ja-in-ja ina tsaye.

Na ci, amma da ƙyar. Ba zan maimaita shekara ba. Gurbin koyarwa an ba wata 'yar ajinmu, Afra, kuma ta cancanta. Da na fito Dakta ya same ni a baranda ya ce, "Na farkon ya fi." Na ce na sani. Abin da ya fi min ciwo ke nan, Kawu, na sani. Har yanzu ina ganin S bai kamata ya zama adanawa ba. Na shiga banɗakin mata na yi kukana na wanke fuska.

Ba na so ka ɗauki wannan a matsayin kaya a kanka. Ni na zaɓa, a farke nake. Abu ɗaya nake nema: ka shiga ofishin nan ka buga musu jarrabawar da ba su taɓa ganin mai tsabtarta ba. Ka rubuto min da an gama.

Na gaya wa Umma maganar idon. Ta ce tana nan zuwa, kuma ka shirya jin faɗa.

'Yarka,
Shuhada

Nguru, ƙarshen Yuli

'Yata Shuhada,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na yafe miki, ke ma ki yafe min.

Na buga jarrabawar duka, tun daga aji ɗaya har aji shida. Ba a dawo min da ko shafi ɗaya ba. Hannuna ya tafi yadda yake tafiya a da, kina gefe kina faɗa min inda nake.

Ranar da aka gama, mai makarantar ya fito da mota ya gan ni a bakin titi riƙe da mayafin Safiyatu. Washegari ya kira ni. Ya yaba aikin, ya yi min addu'a, ya ce iyayen yara ba za su fahimta ba in suka ji wanda ke buga sakamakon 'ya'yansu ba ya gani. Na ce ya duba takardun. Ya ce ya duba. Ya ba ni tsohuwar kwamfutata da ke jibge a sito, har da firintarta, wai tukuici. Yanzu tana nan a ɗaki kusa da gado, da filashinki a jikinta.

Ban san me zan ce miki ba. Kin ba da naki, ni kuma nawa bai tsaya ba. Na juya maganar ta kowace fuska ban samu inda za ta yi daɗi ba, don haka na bar ta yadda take. Kada ki ji tsoro, ba na zuwa wajen tasha. Haula tana nan, ta kafa kujera a bakin ƙofa.

Safiyatu ta tafi kasuwa, kasuwar gaske wannan karon. Ba kowa a ɗakin. Ban ma kunna allon ba, ba shi da amfani a wurina yanzu. Wannan takarda ni na buga ta da hannuna tun daga sallama har nan.

In kin ga kuskure a ciki, kada ki faɗa min.

Kawunki,
Abdulrauf